Hayaƙin Babur ɗin Mai Famfo

Duk unguwar babu wanda bai san ƙarar babur ɗin Mai Famfo ba. Tun kafin ya karyo kwanar layi, matan da famfonsu ke ɗiga sun riga sun sa an buɗe masa ƙofa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, gemunsa ya yi fari fat, tafin hannunsa ya yi kanta saboda murɗa sifana. Akwatin kayan aikinsa na ƙarfe kullum yana ɗaure a bayan babur da robar tsohuwar taya, guntayen bututu kuma suna leƙowa ta gefe. Babur ɗin ya girmi autarsa. Ja ne a da, amma yanzu sai wanda ya san shi tun yana sabo ne zai iya rantsuwa a kan haka.

Da aka fitar da dokar cewa kowane babur sai an gwada hayaƙinsa kafin ya ci gaba da hawa titi, mutum na farko da ya kawo masa labarin shi ne babban ɗansa. Manaja yake kiransa, sunan da ya laƙaba masa tun ranar da ya fara tafiya aiki da kwat. Manaja ya daɗe yana neman hanyar raba uban da babur, musamman tun daminar bara da santsi ya kwashe dattijon a kwana, ya yi kwanaki a asibiti da kafaɗa a ɗaure.

"Baba, wannan karon ba ni na faɗa ba, hukuma ce," in ji Manaja, yana zaune a bakin kujerar baranda yana juya makullin mota a yatsa. "Wannan babur ɗin ba zai ci gwaji ba. Ga ƙaramar motata nan a ajiye babu mai hawa. In ba ka son tuƙi, a samo maka direba."

"Direba," in ji Mai Famfo. Ya juya wajen matarsa da ke tsintar wake a tire. "Innarsu, kin ji? Zan je gyaran masai da direba. Shi ya buɗe mini ƙofa, ni in fito da sifana."

Inna ba ta ɗago ba. "Ni dai babu ruwana," ta ce.

"Mutum ɗaya ya ɗauki ɗaki guda na ƙarfe ya tare hanya don kawai ya kai jikinsa ofis, shi ne bai ɓata iska ba. Sai ni da man da nake zubawa bai kai na shan tsuntsu ba." Mai Famfo ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Zan je gwajin. Ku zo ku gani."

Wurin gwajin wata doguwar rumfa ce ta kwano a bayan tashar motoci. Babura sun yi layi har bakin titi, masu su na zaune a kai suna ta ƙorafi. Mai Famfo ya shiga layi da hantsi, bai kai ciki ba sai da rana ta take. Tun a layin ya tara jama'a, yana nuna musu manyan motocin da ke wucewa ɗauke da mutum ɗaya ɗaya, ana ta ba shi gaskiya. Ya ji daɗin hakan ƙwarai.

Mai gwajin mace ce, ba za ta girmi autarsa ba, sanye da rigar aiki shuɗiya da takunkumi a hanci. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ya tayar da babur ya bar shi ya yi zafi. Sai ta zura wani siririn ƙarfe mai igiya a cikin salansa, bututun fitar hayaƙi, ta koma gaban na'ura.

"Baba, ɗan murɗa totur. Haka. Riƙe a nan."

Lambobi suka yi ta hawa a allon na'urar, sannan fitila ja ta kama. Mai gwajin ta sake gwadawa, fitilar ta sake kamawa. Ta zare ƙarfen, wanda ya yi baƙi ƙirin, ta goge shi da tsumma.

"Baba, sai haƙuri. Bai ci ba. Ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba."

"Na'urarku ce ba ta da lafiya."

"Lafiyarta ƙalau. Na gaba da kai yanzu ya ci."

"To bari in tambaye ki, 'yata." Ya kashe babur ɗin, ya ɗaga murya don na bayansa su ji. "Man da waccan motar ke sha a yini, ni yana kai ni kwana da kwanaki. Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba."

"To wa ya fi ɓata iskar, ni ko shi?"

Ta sauke takunkumin zuwa haɓa. Da alama ta sha wannan tambayar har ta gaji da ita. "Ta wani fannin shi, ta wani fannin kai. Ya fi ka shan mai, wannan gaskiya ne, kuma yawan man da ake ƙonawa yana da tasa illar ga duniya. Amma motarsa tana ƙone man tas, kuma akwai abin tace hayaƙi a salansarta. Naka kaɗan yake sha, sai dai ba ya ƙone shi duka, ga baƙin mai yana haɗawa da shi. Abin da ke fitowa kuma a hancin na bayanka yake sauka. Zo ka tsaya nan baya in tayar maka, ka ji da kanka."

"Ba sai na tsaya ba. Na san hayaƙina."

Ba ta yi musu ba. Ta ɓare jan tambari ta manna a kan tanki, ta ce ba a yarda ya hau shi a titi ba sai ya gyara ya dawo. Mutanen da suka ba shi gaskiya a layi duk suka kawar da kai, kowa na duba salansar kansa.

Yana turo babur ɗin waje ya hangi motar Manaja a gefen titi. Ashe ya baro ofis ya zo ya jira. Ya fito da sauri yana ƙoƙarin ɓoye farin cikin da ke fuskarsa.

"Baba, bar shi a nan, zan sa a ɗauko shi a mota mai buɗaɗɗen baya. Shigo mu tafi."

Mai Famfo bai ko dube shi ba. Ya riƙe kan babur da hannu biyu, ya sa kafaɗa, ya fara turawa.

Tafiya ce mai nisa, ga hawa a tsakiyarta. Manaja ya koma mota ya bi shi a hankali, gilashi a sauke, yana roƙo. Motocin baya suka cika titi da hon. Wani direban bas ya leƙo ya ce, "Malam, in tsohonka ne ka ɗauke shi, in ba naka ba ne ka ba mu hanya!" Dattijon ya ci gaba da turawa, gumi na bin gemunsa, kafaɗar da ta taɓa gocewa tana yi masa zogi. A mahaɗar hanya cunkoso ya riƙe motar Manaja. Mai Famfo ya kurɗa da baburinsa ta tsakanin motoci ya wuce, ya riga ɗan nasa isa gida. Wannan kaɗai ya ɗan sanyaya masa rai.

Inna ta kawo masa ruwa, ta dubi jan tambarin, ta dube shi.

"Faɗi abin da ke bakinki," ya ce.

"Tunda ka tambaya. Malam, ka taɓa lura ba na shanya a wannan igiyar ta kusa da ƙofa sai ka fita?"

"Me ya haɗa shanya da wannan?"

"Hayaƙinka ne ya haɗa su. Kullum da safe sai ka tayar da shi ka bar shi yana ta kuka a tsakar gida kana neman hularka. Ni nake rufe tagar ɗakin girki. Ranar da ka kai ni duba jikarmu, sai da na wanke mayafina kafin uwar ta bar ni na ɗauki yarinyar."

"Shekara da shekaru ba ki faɗa ba sai yau?"

"Na faɗa. Cewa ka yi hancina ne ya cika tsurfa."

Ya tashi a fusace, ya buga babur ɗin ya tashi, ya kama hannunta ya ɗora a kan totur. "Murɗa. Yau zan ji abin da kuke ta surutu a kai." Ya zagaya baya ya tsuguna daidai bakin salansa. Inna ta murɗa, kuma ba ta murɗa da wasa ba. Hayaƙi shuɗi mai kauri ya turnuƙe shi. Ya yi niyyar ya daure ya ce ai ba komai, sai tari ya sarƙe shi, idanunsa suka kawo ruwa, ya miƙe yana dafa bango. Duk tsawon zamansa da wannan babur, a gaba yake zama, iska mai kyau na bugun fuskarsa.

Inna ta kashe injin. "Kada ka ɗauka ina bayan yaron nan ne," ta ce. "Motarsa ko layinmu ba ta shiga sai ta kankare bango. Ni dai ka daina shaƙe mu."

Washegari da safe Mai Famfo ya tura babur ɗin garejin Dogo, makanikin da ya daɗe yana yi masa gyara. Dogo ya dubi tambarin ya yi dariya.

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Mai Famfo. Duk masu zuwa nan haka nake yi musu. In shaƙe kafireta ta rage ba shi mai, in zuba baƙin mai mai kauri, in ara maka sabuwar salansa. Ka je ka ci gwaji, ka dawo in mayar maka da komai yadda yake."

"Hayaƙin fa?"

"Hayaƙi ya dawo mana. Kai ba tambari kake so ba?"

"In na yi haka, yarinyar can ta yi gaskiya ni na yi ƙarya ke nan. Ba na so. Buɗe injin ka gyara shi gyaran gaske. In koma in sa mata shi a gaba, ta gwada da idonta."

Dogo ya sosa ƙeya ya ce to, a ba shi lokaci.

Lokacin ya yi ta ja. Mai Famfo ya koma zuwa aiki a ƙasa, akwatin ƙarfe a kafaɗar da ke da lafiya, bututu a hannu. Inda ya yi nisa ya hau bas, ana ta harararsa saboda bututun na zungurin mutane. Kullum Manaja sai ya aiko a tambaya ko a kawo mota, kullum amsar ɗaya ce. Duk ranar da ya leƙa gareji kuwa, sai ya tarar da babur ɗin a jingine an rufe shi da buhu, Dogo na cewa ba a samu ringin injin ba, ko mai kayan ya yi tafiya.

Ran nan ya ɗaga buhun ya duba da kyau. Ƙura ta kwanta a kan notunan injin, babu alamar sifana ta taɓa ko ɗaya.

"Dogo, dube ni nan. Ba ka ma buɗe shi ba."

Dogo ya yi ta goge hannu da tsumma, hannun da babu komai a jikinsa. Da ƙyar ya ce, "Ɗanka ne ya zo. Ya ce in yi ta ja maka rai, daga baya in ce maka ba ya gyaruwa. Wallahi don lafiyarka ya ce. Ni kuma na rasa yadda zan yi da ku."

Mai Famfo bai tsaya jin sauran ba. Da kayan aikinsa a jiki, da laka a takalmi, ya nufi ofishin ɗansa. Mai gadi ya so ya tare shi, ya ce masa, "Ni na haifi wanda kake gadi," ya wuce. Ya tura ƙofar gilashi ya dire akwatin ƙarfe a kan teburin Manaja, har kofin shayi ya yi tsalle.

"Ni za ka zagaya? Ni za ka haɗa baki da makanike a mayar yaro?"

Manaja ya miƙe ya rufe ƙofa. "Baba, don Allah rage murya."

"Ba zan rage ba. In kana da magana ka faɗa mini a fuskata."

"Na faɗa, ba ka ji!" Muryar Manaja ta fashe, abin da uban bai taɓa ji ba tun yaron yana ƙarami. "Ni aka kira ranar da ka faɗi. Ni na zo na tarar da kai a kwance a bakin kwata, jini a kunnenka, mutane sun zagaye ka ana cewa ko ya cika. Kai ba ka ga kanka ba, ni na gan ka. Tun daga ranar, duk wayar da ta shigo da lambar da ban sani ba sai gabana ya faɗi."

Dattijon ya dubi ɗan nasa, ya ga har furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Ya ja kujera ya zauna, don ƙafafunsa sun gaji.

"Na ji," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "Ban san abin ya zauna maka haka ba. Amma ka saurare ni. Ranar da ka sa ni a bayan mota ana ja na, ranar na zama kaya. Masu kirana a lunguna suke, inda mota ba ta shiga. In na daina zuwa za su kira wani, ni kuma in zauna a baranda ina ƙirga masu wucewa har in mutu. Ka fi son wannan?"

"Na fi son ka da rai."

"Ai shi nake faɗa maka." Ya tashi ya saɓa akwatinsa. "Kada ka ƙara zuwa wajen Dogo."

A ranar Dogo ya buɗe injin, Mai Famfo na zaune a kan benci yana kallon kowane noti. Aka canja ringi, aka wanke kafireta, aka sa sabon fulogi. Hayaƙin ya ragu sosai. Ya tura shi wurin gwaji da ƙarfin gwiwa, har yana yi wa na layi bayanin yadda ake gyaran gaske.

Fitila ja ta sake kamawa.

"Ya ragu ƙwarai, Baba," in ji mai gwajin. "Amma bai kai ba. Cikin injin ne ya cinye, ringi ba zai riƙe ba. In ka sake gyarawa ma, bayan ɗan lokaci zai koma."

Wannan karon Mai Famfo ya tsaya ya ƙura wa injin ido, injin da ya kai Inna asibiti haihuwar auta, ya kai yara makaranta har suka gama.

"Injin ne ya gaji," ya ce. "To. Ni ban gaji ba. In na sa wani injin a wannan jikin, za ki gwada?"

"In an yi masa rajista yadda doka ta ce, me zai hana?"

"Ki ajiye mini ƙarfen nan naki. Ina dawowa."

Dogo ya samo injin wani sabon babur da mota ta murƙushe wa gaba, da salansarsa mai abin tace hayaƙi. Sai da aka yi walda aka sake mazauni kafin ya zauna. Tsohon injin kuwa Mai Famfo ya hana a sayar wa masu gwangwan. Ya kawo shi gida ya ajiye a lungun baranda, Inna na mita cewa an kawo mata abin tuntuɓe.

Zuwa na uku, fitila kore ta kama. Mai gwajin ta kankare jan tambarin da farce, ta manna kore a gurbinsa.

"Yanzu fa?" ya ce mata. "Ni da mai waccan motar, wa ya fi?"

Ta yi dariya a cikin takunkumi. "Yanzu kam ka fi shi, Baba, in dai shi kaɗai ne a ciki. In ya ɗauko iyalinsa duka kuma sai mu sake lissafi."

"Ba ya ɗaukowa. Na san irinsu, ni na haifi ɗaya."

Sabon injin ba shi da ƙara, har ya iso ƙofar gida babu wanda ya ji zuwansa. Ya tarar da Manaja a baranda, tun ranar ofis ba su haɗu ba. A kan benci kusa da shi akwai hular kwano guda biyu sababbi, ɗaya babba, ɗaya ƙarama. Manaja ya gaishe shi, ya dubi koren tambarin.

Mai Famfo ya ɗauki babbar hular ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai gwada tulu.

"Nauyi gare ta."

"Haka ake yin su, Baba."

"Zafi za ta yi."

"Za ta yi."

Ya kifa ta a kai, ya yi ta fama da maɗaurin har sai da Manaja ya matso ya ɗaure masa a ƙarƙashin gemu. Inna ta fito daga ɗaki ta gan shi, ta riƙe baki tana dariya.

"Dariyar me kike yi? Ga taki nan."

"Ni? In sa wannan tukunyar a kaina?"

"In ba ki sa ba, babu inda zan kai ki." Ya juya ga ɗansa, muryarsa na fitowa daga cikin hular kamar daga rijiya. "Wannan na karɓa. Motar kuwa ka ba ƙanwarka, ita ce mai yara. Yanzu matsa mini, akwai gidan da tankinsu ke zuba tun safe suna jirana."